Birkin tsohuwar MGB: daga ina zan fara?

Tambaya: Na gaji motar MGB ƙirar 1966 daga mahaifina. Tana gudu lafiya, amma birkinta na ba ni tsoro. In sa mata manyan faya-fayan birki irin na zamani?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, Malam. Kada ka fara da manyan faya-fayai. Yadda MGB ta fito daga masana'antar Abingdon a Ingila, faya-fayai take da su a gaba, ganguna a baya, kuma sun wadatar da nauyinta muddin suna da lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne layin man birki. Na 1966 layi ɗaya ne ke kai mai ga ƙafafu huɗu. Tiyo guda ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya, sai dai birkin hannu. Ka sa makanike ya mayar da ita mai layi biyu, kamar waɗanda aka riƙa kai wa Amurka daga 1968. Kuɗin wannan aikin ba asara ba ne.

Tiyon roba kan kumbura daga ciki in ya tsufa, ka canza su duka. Man birki na DOT 4 yana shan danshi, a sauya shi duk shekara biyu, kuma kada a gauraya shi da DOT 5.

Sa mata servo, wato na'urar taimakon birki, zai sauƙaƙa maka taka birki, amma tayoyi ne ke riƙe kwalta. In sun haura shekara goma, ko zanensu bai cinye ba, cire su.