Shawara Ga Ma'aikatan Abuja Kan Jan Matasa A Jiki

Ya kai ma'aikacin da Allah Ya hore wa ilimi da kujera a Sakatariyar Tarayya, idan Asabar ta kewayo, ka nemi yaro ɗaya a Nyanya ko Kubwa mai shirin jarrabawar JAMB, ka duba karatunsa, ka saurari damuwarsa fisabilillahi. Fa'idar ba tasa kaɗai ba ce, domin mai karantarwa yakan tuna abin da ya manta, ya koyi haƙuri, ga kuma ladan sadaka mai gudana. Sai dai ka fara neman iznin mahaifansa, ku riƙa haɗuwa a bainar jama'a, kamar harabar masallacin unguwa, kuma kada ka yi masa alkawarin aikin gwamnati alhali ba ya hannunka.