DARASIN FASAHA: YADDA AKE GANO YOYON BAƘIN MAI A TSOHUWAR MOTAR KOMBI

Darasinmu na wannan mako a kan yoyon baƙin mai ne, kuma motar da za mu yi misali da ita ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen.

Wace mota ce Kombi?

An fara ƙera ta a Jamus a 1950, aka daina a Burazil a 2013. Wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya riƙa sa mata gado da teburi da wurin girki, ta zama gidan tafi-da-gidanka. Mutane su yi doguwar tafiya, inda dare ya yi musu nan za su kwana a cikinta. A Legas kuwa haya aka yi da ita, ita ce asalin motar da ake kira danfo.

Injinta a baya yake. Tsohuwar Kombi mai injin 1600 ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Fanka ce ke hura mata iska, baƙin mai kuma yana taya iskar kwashe zafi. Ke nan mai yana aiki biyu: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, kamar yadda muka karanta a darasin gogayya, kuma yana sanyaya inji. Ga shi duka man da take ɗauka wajen lita 2.5 ne kawai.

Mu yi ɗan lissafi

Mu ƙaddara ɗigo 20 su ne mililita 1, kuma injin yana ɗigo ɗaya kowane minti, dare da rana. A kwana ɗaya akwai minti 1,440, wato mililita 72 sun tafi. Raba 2,500 da 72, za ka samu kwana 35 ba kaɗan. Tun kafin ranar ma injin ya buga, domin ba sai mai ya ƙare ƙarƙaf yake lalacewa ba. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma inji kan mutu. Akwai wani haɗarin: man da ya zuba a kan salansa mai zafi yana hayaƙi, yana kuma iya kama wuta. Wannan a motar da mutane ke kwana a ciki!

Babbar doka: nemo tushe tukuna

Inda mai ya ɗiga a ƙasa ba lallai ne nan yake fitowa ba. Mai yana gangarowa daga sama, iska kuma tana watsa shi idan mota tana gudu. Kamar rufin aji ne da damina: ruwa yana ɗiga a kan bencin baya, alhali hujin kwanon yana can wani gefe. Wanda ya canza abin da ya fara gani a jiƙe zai kashe kuɗi, gobe ya tarar da mai a ƙasa. Ga matakan da ake bi:

1. A bar inji ya huce, a wanke shi da kananzir da buroshi, a goge ya bushe.
2. A duba geji, a tabbata mai yana tsakanin layi biyun nan.
3. A tayar da inji ya yi aiki har ya ɗau zafi, sannan a kashe.
4. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashi ya kwana.
5. Da safe a duba kwalin, a ɗauki tocila a bi sawun man zuwa sama. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe, shi ne mai laifi.

A kuma sansana man. Man giya yana da wari mai ƙarfi kamar na farar wuta, baƙin mai ba shi da wannan warin. Idan man giya ne, to ba inji ne ke yoyo ba.

Wuraren da suka fi yoyo

Na ɗaya, murfin bawul. Guda biyu ne, dama da hagu, kuma wata lanƙwasasshiyar waya ce ke riƙe kowanne. Gasket ɗinsa yana bushewa saboda zafi. A kankare tsohon tas, a sa sabo. Wannan shi ne gyara mafi sauƙi da araha.

Na biyu, faifan da ke ƙasan inji, inda rariyar mai take. Noti 6 ne ke riƙe da shi. Duk lokacin juye ana sa sabon gasket da sababbin zobban jan ƙarfe a ƙarƙashin notin. Kada a ɗaure da ƙarfi! Wasu suna zaton matsewa ce maganin yoyo, sai faifan ya lanƙwashe ko noti ya ci zare, yoyon ya ƙaru.

Na uku, bututu 8 da ke ƙarƙashin silinda. Kowanne yana da roba a baki biyu, jimla 16. Idan robar ta tsufa sai ta yi tauri ta fara naso. Kafin a sa bututu irin na asali sai an kwance kan inji.

Na huɗu, na'urar sanyaya mai. Tana ɓoye a cikin gidan fanka, shi ya sa idan robobinta suka mutu iska take fesa mai ko'ina, har a zargi wani wuri daban.

Na biyar, babbar robar da makanikai ke kira oyil sil, wadda ke mahaɗar inji da giya. Idan mai yana ɗiga daidai wannan mahaɗa, yana iya ɓata kuloci. Ba ta canzuwa sai an sauke inji, don haka aikin gareji ne.

Idan an canza duk waɗannan amma yoyo bai tsaya ba fa? A duba bututun da inji ke numfashi da shi. In ya toshe, ko ringin fistin ya cinye, hayaƙi yana taruwa a ciki ya riƙa turo mai waje ta kowace kafa. Cika mai fiye da layin geji ma yana jawo haka.

Gargaɗi

Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an sa mata matokari mai ƙarfi. Ba a kai hannu ko bakin riga kusa da fambel inji yana aiki. Mu ɗalibai namu kallo ne da koyo a gaban babba. Tsohon mai kuma a tara shi a jarka a kai gareji, kada a zuba a kwata, domin yana bin ƙasa ya gurɓata ruwan rijiya.

Wannan hanya ta wankewa da shimfiɗa kwali tana aiki a janareto da babur da injin niƙa.

Tambayar mako: idan inji yana ɗigo 3 a minti, kwana nawa zai ɗauka ya zubar da lita 1? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunan wanda ya fara cankawa.