Ruɓar Ƙashi: Abin da Binciken Likitanci Ya Gano da Matsalar Faɗinsa da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi cutar da likitoci ke kira ostiyomayalaitis, wato shigar ƙwayoyin cuta cikin ƙashi da ɓargo, ta fuskar hanyoyin gano ta da magance ta. Ta nuna cewa cutar tana da matakai biyu waɗanda maganinsu ya sha bamban, alhali kalmomin da Bahaushe ke amfani da su yau da kullum ba su raba tsakaninsu ba. Daga nan ta kawo shawarar kalmomi ga masu fassara da masu wayar da kan jama'a.

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da wadatar kalmomi game da abin da ke samun ƙashi daga waje. Akwai karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe, akwai kuma sana'ar ɗori da maɗoranta da karan ɗorinta. Inda kalmomin suka ƙaranta shi ne wajen abin da ke cin ƙashi daga ciki. Yaron da ƙafarsa ta ɗauki zafi da zogi ba tare da ya faɗi ba, akan ce sanyin ƙashi ne ko amosani. In wurin ya kumbura ya tara mugunya, sai a ce maruru ne, a yi sakiya. In ya fashe ya ƙi warkewa tsawon shekaru, sunansa ya koma gyambo ko daji. A lokuta da dama waɗannan sunaye huɗu ko biyar cuta guda suke nufi, a matakanta daban-daban. Sunan likitancin kuwa daga Girkanci aka haɗa shi, daga kalmar ƙashi da ta ɓargo da ɗafa-ƙeyar da ke nuna kumburi.

2.0 Yadda Cutar Take Kama Ƙashi

Tun a 1970 Waldvogel da abokan aikinsa suka kasa cutar bisa hanyar shigarta. Ta farko ita ce ta jini, wadda ta fi kama yara. Ta biyu ita ce ta rauni, kamar karayar da ƙashi ya huda fata ko aikin tiyatar da aka sa ƙarfe. Ta uku ita ce ta ƙarancin gudanar jini, kamar gyambon ƙafar mai ciwon suga. Ƙwayar da ta fi haddasa ta ita ce istafilokokas, wadda likita Alexander Ogston ya bayyana a cikin mugunya a Sikotland a 1880.

Hanyar jini ta fi buƙatar bayani, domin ita ce ke zuwa babu rauni babu karaya. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, musamman na cinya da na ƙwauri kusa da gwiwa, jini yana tafiya a hankali cikin ƙananan jijiyoyi masu lanƙwasa. A nan ƙwayar cutar da ta shiga jini daga wani ƙurji ko miki take samun mazauni. Ƙashi ba ya buɗewa kamar tsoka, don haka mugunyar da ta taru sai ta matse jijiyoyi, ta ratsa ƙashin, ta ɗaga tantanin da ke lulluɓe da shi. Wannan tantani yana cikin masu shayar da ƙashi jini. Da zarar an raba su, sai wani yanki na ƙashin ya mutu. Jiki kuma sai ya gina sabon ƙashi ya kewaye mataccen, ya bar 'yan ƙofofi da mugunya ke bi ta fito ta fata.

A nan ne iyakar matakan biyu take. Kafin ƙashi ya mutu, magani kaɗai kan warkar da cutar a mafi yawan yara. Bayan ya mutu, jini ba ya isa gare shi, maganin da jini ke ɗauka ma ba ya isa, ƙwayoyin cutar kuma suna manne a jikinsa cikin wani yauƙi da ke kare su. Daga nan sai tiyata. Tazarar da ke tsakanin matakan biyu kan iya zama 'yan kwanaki ko makonni kaɗan.

3.0 Gano Cutar

Babban tarkon da ke nan shi ne hoton ƙashi. Hoton ba ya nuna ɓarna sai ƙashi ya rasa kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ma'adininsa a wurin, abin da kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 ko fiye. Ke nan a daidai lokacin da magani ya fi amfani, hoton kan fito lafiya lau. Uban da aka ce masa "hoto bai nuna komai ba" yana da hujjar komawa gida ko wucewa wajen maɗori, in ba a ƙara masa da cewa hoton bai kai lokacin gani ba. Na'urar MRI tana ganin cutar tun kwanakin farko, sai dai tsadarta da ƙarancinta sun sa likitoci a wurare da yawa suna dogara da alamomin jiki da awon jinin da ke nuna kumburi.

Sanin ainihin ƙwayar cutar kuwa sai an ɗebo daga jini ko daga ƙashin kansa an raine ta a ɗakin gwaji. Binciken Mackowiak da abokansa na 1978 ya nuna cewa mugunyar da aka shafo daga bakin gyambo sau da yawa ba ta dace da abin da ke cikin ƙashi ba, domin ƙwayoyin fata sun gauraya da ita.

Ga masu amosanin jini, wato sikila, lamarin ya fi wuya, kuma Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan larura a duniya. Tashin ciwonsu na yau da kullum yana zuwa da zogin ƙashi da kumburi da zazzaɓi, daidai da yadda ruɓar ƙashi take farawa. Iyalin da suka saba da tashin ciwon sukan ɗauka shi ne ya dawo. Bugu da ƙari, a wurinsu ƙwayar salmonela tana yawan zama sanadi, kuma maganinta daban ne da na istafilokokas.

4.0 Magani da Sababbin Bincike

An daɗe ana bin ƙa'idar mako huɗu zuwa shida na allura ta jijiya. Bincike uku sun girgiza wannan ƙa'ida. A Finland, Peltola da abokansa sun wallafa a 2010 cewa yaran da aka kama cutarsu da wuri sun warke da allurar kwana biyu zuwa huɗu sannan maganin sha, kuma jimillar kwana 20 ta yi daidai da ta kwana 30. A Faransa, Bernard da abokansa sun nuna a 2015 cewa a ruɓar ƙashin baya, mako shida bai gaza mako goma sha biyu ba, domin kusan kashi 91 cikin ɗari ne suka warke a kowane rukuni.

Na ukun, wanda aka sani da OVIVA, an yi shi a asibitoci 26 na Birtaniya kan manya 1,054, aka wallafa shi a 2019. An raba majiyyata biyu, wasu allura ta jijiya wasu ƙwaya, a makonni shida na farko. Bayan shekara guda, maganin ya gaza a kashi 14.6 cikin ɗari na masu allura da kashi 13.2 na masu ƙwaya. Masu allurar sun fi daɗewa a asibiti, sun kuma fi samun matsala daga robar da aka sa musu a jijiya.

Wannan sakamako albishir ne ga iyalin da jinyar mako shida a gadon asibiti za ta cinye musu amfanin gona. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a wajen fassara sharuɗɗan ne suka fi saurin zubewa. Mafi yawan majiyyatan OVIVA an riga an yi musu tiyata an cire abin da ya ruɓe. Ƙwararru ne suka zaɓi ƙwayar bisa sakamakon gwaji, ana kuma bibiyar majiyyatan, da yawansu sun ci gaba da shan magani bayan mako shidan. Mai fassarar da ya taƙaita wannan duka da "bincike ya nuna ƙwaya ta wadatar" ya ba mai gyambon shekara biyar lasisin sayen kafso a kemis. Irin wannan shan magani yakan busar da gyambon na ɗan lokaci, mataccen ƙashin yana nan, sannan ya dawo da ƙwayoyin da suka fi taurin kai. Gyambon da ya shekara da shekaru yana zuba kuwa yakan iya rikiɗewa ya zama sankarar fata.

5.0 Batun Kalmomi

"Ciwon ƙashi" ya yi faɗi, domin ya haɗa da ciwon gaɓoɓin tsofaffi. "Sanyin ƙashi" ya fi haɗari, saboda yana jan hankali zuwa ga gashi da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, alhali cutar ta zafi da mugunya ce. "Daji" kuma a Hausar asibiti ta yanzu ya riga ya zama sunan kansa, don haka amfani da shi a nan zai rikita majiyyaci ya kuma firgita shi.

"Ruɓar ƙashi" ta dace da mataki na biyu, kuma duk mai jin Hausa zai gane cewa abin da ya ruɓe cire shi ake yi. Rauninta shi ne ba ta dace da yaron da ciwonsa kwana uku ne kacal ba, wanda babu abin da ya ruɓe a ƙafarsa tukuna, kuma shi ne aka fi buƙatar a gane. Don haka maƙalar ke ganin a ware wa matakin farko suna nasa, kamar "zazzaɓin ɓargo", wanda ya haɗa alamar da uwa ke gani da wurin da cutar take. Za a iya sukar sa da cewa zai sa a ɗauke shi ɗan'uwan zazzaɓin cizon sauro, sukar kuwa tana da tushe, don haka ya kamata a gwada shi a kan masu magana da harshen kafin a sa shi a littafi. Yankin da ya mutu a kira shi "mataccen ƙashi", wanda ya kewaye shi "sabon ƙashi", hanyar mugunya kuma "ƙofar gyambo".

Ko wane suna aka zaɓa, saƙon rediyo ko takardar asibiti sai sun haɗa shi da siffar da ake gani da ido: yaro mai zazzaɓi da ya ƙi taka ƙafa ɗaya, wanda in aka danna masa ƙashi kusa da gwiwa zai yi ƙara, ko ya faɗi ko bai faɗi ba. Maɗora suna cikin waɗanda ya kamata wannan siffa ta fara isa gare su, domin su ake fara kai wa irin wannan yaro, kuma hannunsu ya san bambancin ƙashin da ya karye da wanda bai karye ba.