Amsoshin Tambayoyinku: Katakon Sifika a Bayan Mota

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya ko zai iya haɗa katakon ɗora sifiku a bayan kujerar motarsa. Malam, za ka iya, in dai ka natsu wajen awo.

Wanda mota ke zuwa da shi siriri ne, da kiɗa ya yi nauyi sai ya kama karkarwa. Nemi katakon MDF mai kaurin milimita 18, amma ka kiyaye shi daga ruwa, don kumbura yake yi. Ciro tsohon, ka kwantar da shi a kan sabon, ka zana siffarsa, kafinta ya yanka maka har da ramukan sifiku. Kafin yanka, leƙa but ka tabbatar maganaɗisun sifikun ba zai taɓa ƙarfe ba.

Inda na fi so ka kula shi ne kada ka bar kafa tsakanin sifika da katako. Iskar da bayanta ke turawa in ta haɗu da ta gaba, kashe juna suke yi, kaurin sautin ya ɓace. Shimfiɗa siririn soso a bakin ramin.

Manna kafet, kada ka rufe fitilar birki, sannan ka ɗaure katakon tamau da noti, domin birkin gaggawa na iya jefo shi kan fasinjojin baya.