Yadda ake auna saurin maharbi a gasar harbi

A gasar harbi ta IPSC, samun abin da aka hara bai isa ya ba mutum nasara ba, sai an san sakan nawa ya ci kafin ya same shi. An kafa ƙungiyar IPSC a 1976 a garin Columbia da ke jihar Missouri ta Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, kuma ta ɗora wasanta a kan abubuwa uku: iya saiti, ƙarfin harsashi da sauri. Ramukan jikin allo su ke nuna saiti. Saurin kuwa, wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba ke auna shi, mai makirufo da lasifika da ɗan gilashin nuna lambobi.

A da, usur da agogon tsere ake amfani da su. Alƙali ya busa, ya danna, in harbi ya ƙare ya sake dannawa. Matsalar ita ce yatsan wani alƙalin ya fi na wani nauyi. Na'urorin yanzu, irin su CED7000 da Pocket Pro da na kamfanin PACT, ƙarar bindigar suke saurara, su rubuta lokacin kowane harbi har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan.

Aikin farko shi ne daidaita kunnen na'urar. Idan ya cika kaifi, zai kama harbin maƙwabcin fili, ko amsa-kuwwar da bango ke dawo da ita a rufaffen ɗakin harbi, ya ƙirga harbin da ba a yi ba. Idan kuma aka dushe shi da yawa, ƙananan bindigogi masu harsashin .22 za su tashi bai ji ba. Don haka ake gwadawa tun kafin maharbin farko ya shigo.

Daga nan sai umarni, kuma jerinsa iri ɗaya ne a kowace ƙasa. Alƙalin fili, kowa sanye da abin toshe kunne da tabarau, ya ce wa maharbi ya ɗura bindiga ya kintsa. Ya tambaye shi ko ya shirya. In bai ce uffan ba, an ɗauka ya shirya ke nan. Sai ya ce masa ya dakata, kuma doka ta ce tsakanin sakan 1 zuwa 4 da faɗin haka a ba da alama. Alƙali ya danna maɓalli, na'ura ta yi tsuwwa mai kaifi, lissafi ya fara.

Maharbi na gudu daga wannan wuri zuwa wancan, alƙali na biye da shi a baya, idonsa a kan bakin bindiga da yatsan da ke kusa da kunama, hannunsa ɗauke da na'ura inda za ta ji da kyau. Ba wanda ke tsayar da ita. Ita dai tana tara lambobi, kuma lokacin harbin ƙarshe shi ne lokacin maharbi. Wannan ne ya sa gogaggen alƙali kan matso da ita yayin da aka zo allon ƙarshe, yana kuma kula kada ta bugu da wani abu bayan an gama, don bugun na iya shiga a matsayin harbi.

Sai maharbi ya zare harsasai, ya nuna cewa bindiga ba komai a cikinta, ya mayar da ita kube, sannan alƙali ya sanar fili ya zama lafiya. Ya karanta lokacin da ƙarfi, marubuci ya maimaita. Wasu na'urorin, kamar Commander ta AMG Lab, ta Bluetooth suke tura lambar kai tsaye zuwa manhajar PractiScore.

A wajen lissafi ake ganin amfanin wannan wahala. Tsakiyar allo maki 5 ne, kuskure kuma yana jawo a cire 10. Ana tara maki a raba da lokaci. A ɗauki atisayen El Presidente, wanda Cooper ya yaɗa: alluna uku a nisan yadi 10, maharbi ya ba su baya, ya juyo ya sa wa kowanne harsashi biyu, ya sake gidan harsashi, ya ƙara bibbiyu. Harbi 12 ke nan, maki 60. Wanda ya cinye 60 ɗin a sakan 10 ya sami 6.0. Wanda ya sami 52 a sakan 8 ya tashi da 6.5, shi ne a gaba duk da wancan ya fi shi saiti.

A wajen horo kuwa, na'urar ce malamar wanda ba shi da abokin atisaye. Yana sa ta jinkirta tsuwwar na wani ɗan lokaci da shi kansa bai sani ba, don kada ya riga ta. In ya gama, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya: sakan nawa daga tsuwwa zuwa harbin farko, tazara nawa tsakanin harbi da harbi, nawa canjin gidan harsashi ya ci. Sau da yawa sabon maharbi na zaton yatsansa ne ke da nawa, sai lambobi su nuna masa a wajen zaro bindiga da tsallakawa daga allo zuwa allo yake asara.

Akwai kuma wa'adi. Ana saita na'ura ta yi tsuwwa ta biyu bayan, misali, sakan 2, wanda shi ne mizanin atisayen Bill Drill na harbi shida a nisan yadi 7. Da wannan wa'adin ne ake yin atisaye da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta: babu ƙarar da na'ura za ta ji, amma maharbi ya san ko ya gama kafin tsuwwa ta biyu. In ya saba, ya rage kashi ɗaya cikin goma na sakan ya sake.

Irin wannan awo ne ya sa ake iya kafa tarihin da ba gardama. A 1999 Ba'amurke Jerry Miculek ya yi harbi takwas cikin sakan 1 da bindiga mai juyawa, ya kuma harba shida, ya sake ɗuri, ya harba wasu shida, duka cikin sakan 2.99.