Idan Injin Mota Yana Misin: Mu Gano Silindar Kafin Mu Sayi Kaya

A yawancin ƙauyukanmu mota ɗaya ce ke kai amfanin gona kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Idan ta soma karkarwa a tsaye, ta kasa hawan tudu, tana shan mai fiye da da, makanikai sukan ce tana misin. Wato ɗaya daga cikin silindojin injin ba ta ƙona fetur ɗinta yadda ya kamata.

Kowace silinda tana bukatar abu uku: wuta daga fulogi, fetur da iska daidai gwargwado, da kuma matsi mai ƙarfi idan fistin ya taso. In ɗaya ya rasu, sai misin. Abin da ke cinye mana kuɗi shi ne sayen kaya a kan zato: yau fulogi, gobe kwil, jibi a kwance kafireto. Mu fara tambaya tukuna, wace silinda ce?

Mu tayar da injin a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙin salansa yana kisa. Mu bar shi a sulo, sa'an nan mu riƙa yanke wa silindojin wuta ɗaya bayan ɗaya. Idan kowane fulogi yana da nasa kwil, sai mu zare ƙaramin soket ɗinsa. A tsohuwar mota mai distributa kuwa, gara mu kashe injin, mu cire wayar fulogin, mu sake tayarwa, gama wutar wayar nan takan wuce volt 20,000. In silindar lafiyarta ƙalau, karkarwar za ta ƙaru. In muka yanke mata wuta amma muryar injin ba ta sake ba, to, mun kama mai laifi.

Yanzu sai musaya, wadda ba ta cin ko kwabo. A ce silinda ta 2 ce. Mu kai fuloginta silinda ta 3, mu kawo na 3 nan. Idan misin ya bi fulogin, shi kaɗai za mu saya. In bai bi ba, mu yi haka da waya ko kwil, daga baya nozul.

Fulogin da muka cire ma yana ba da labari. Mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Busasshen baƙi kamar gawayi yana nuna fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko robar bawul sun gaji. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ga ruwan lagireto yana raguwa, gaskit ɗin tof silinda ake zargi. Waɗannan biyun aikin makanike ne; mu roƙe shi ya auna matsin kowace silinda a gabanmu kafin ya kwance injin.

Wani lokaci misin ba ya tsayawa a silinda ɗaya. Nan sai mu duba abin da suka yi tarayya a kai: ruwa a cikin man jarka, toshewar filta, robar iska da ta tsage, ko raɓa a murfin distributa da damina. Idan kuma ya fara ne bayan wani ya taɓa wayoyi, mai yiwuwa an jera su ba daidai ba. Yawancin injuna masu silinda huɗu suna bugawa 1-3-4-2.

Motocin da aka yi domin Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket na na'urar bincike. Lambar P0302 tana nufin silinda ta 2, P0300 kuma misin ne mai yawo. Idan fitilar injin tana ƙyaftawa, kada mu ɗauki doguwar hanya da motar: ɗanyen fetur yana ƙona matatar hayaƙi ta salansa, yana kuma sauka ya tsinka baƙin mai, har ringi su cinye.