Zaɓen Sassan Kwamfuta Da Katin Hoto Mai Rahusa

Ɗan kasuwar da ya shiga Computer Village da ke Ikeja a Legas da niyyar haɗa wa shagonsa kwamfuta, abin da masu sayarwa kan fara tura masa shi ne katin hoto, domin yana cikin sassan da suka fi tsada. Sai dai a galibi shi ne abin da ya kamata a saya daga ƙarshe, in ma har akwai bukatarsa.

Wanda aikinsa bai wuce lissafin kaya da buga takardu da cike fom ta intanet ba, zai iya yin shekaru ba tare da katin ba, saboda firosesa da yawa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, suna zuwa da nasu sashen hoto a ciki. Ryzen 5 5600G da kamfanin AMD ya fitar a 2021 misali ne. Amma a kula da na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, irin su Core i3-12100F, waɗanda ba su da wannan sashe. Wanda ya sayi irinsu don rahusa bai haɗa da kati ba, zai kunna na'ura fanka ta juya, allo kuwa ya tsaya baƙi ƙirin.

Bayan firosesa sai babban allon da ake dasa sauran sassa a kansa, wanda 'yan sana'ar ke kira madabod. Kowane allo yana da irin mazaunin firosesar da yake karɓa. Mazaunin AM4 na AMD yana aiki da ram samfurin DDR4, shi kuwa AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Haka kuma, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 na bukatar firosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama. Don haka tsohuwar Core i7 da aka karya wa farashi tana iya zama asara.

Masu bukatar katin hoto da gaske su ne masu tace bidiyon biki da fina-finai, da masu zanen gini, da masu gidajen wasannin kwamfuta. A cikin masu rahusa akwai GTX 1650 na Nvidia, na shekarar 2019, mai gigabayit 4, wanda ke cin wuta kimanin wat 75, har wasu samfuransa ba sa bukatar ƙarin waya. Akwai RX 6600 na AMD mai gigabayit 8 da wat 132, sai RTX 3060 mai gigabayit 12 da wat 170, dukansu na 2021. Mai tace bidiyo ya yi hattara da RX 6500 XT, domin duk da sabuntar lambarsa ba shi da sashen da ke hanzarta fitar da bidiyo, abin da mai sayarwa ba lallai ya ambata ba.

A Nijeriya, lissafin wat ɗin nan lissafin kuɗi ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin lantarki na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat na sa'a guda. Tsohon katin RX 580 na 2017, wanda ya yi yawa a kasuwar tokumbo, yana cin wat 185. Idan aka sa shi aiki mai nauyi na sa'o'i takwas a kwana 26, zai ɗara GTX 1650 shan wuta da kusan kilowat 23, wato sama da naira 5,000 a wata bisa wancan farashi. Ga mai amfani da janareta ko batirin sola, nauyin ya fi haka.

Nan ne kuma batun akwatin rarraba wuta, wato fawa fak, ke shigowa. Shi ne sashen da aka fi yi wa rowa, kuma shi ne wanda in ya ƙone yakan tafi da madabod da kati gaba ɗaya. Mai wat 550 daga sanannen kamfani, mai alamar 80 Plus, ya wadatar da katunan da aka ambata, muddin an haɗa shi da sitabilaiza ko UPS.

Game da katin tokumbo, tun da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da katunan hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna. Mai saye ya nemi a dasa katin a gabansa, a buɗe manhajar GPU-Z don a ga ainihin sunansa da girman ma'adanarsa, a bar shi yana aiki mai nauyi na aƙalla rabin sa'a ana duban zafinsa, sannan a rubuta lambar katin da kwanakin garanti a jikin rasit kafin a biya.